Shekarar da Dashen Baba Ya Kashe Lambu

Matar ɗana ta shuka tumatir a buhunan siminti a tsakar gidanmu na Rijiyar Lemo, wai haka ake yi yanzu, a waya ta gani. Ban ce mata uffan ba, don tsoho idan ya cika magana a gidan 'ya'yansa sai a fara yi masa kallon rediyo. Rannan da rana tsaka na fito zan yi alwala, sai idona ya faɗa kan buhu ɗaya. Ganyen kore shar, babu rawaya, babu tsutsa, amma ya langwaɓe tun daga ƙasa har ƙoli, ita kuma baiwar Allah tana tsugune tana kwarara masa ruwa da buta. Na ce, "Ina kika samo ƙasar nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce wani mai kura ne ya ɗebo mata daga bakin rafi. Na ce ta tuge shi ta ƙona, ta fitar da buhun da ƙasarsa daga gidan, ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa sauran. Ta ce, "Baba, ƙishirwa yake ji, jiya ma haka ya yi, da yamma ya miƙe." Wallahi kalmar da na ji daga bakin manyan mutane masu gemu tun ina saurayi, ita ce yarinyar nan ta maimaita mini ba tare da ta sani ba. Ranar ko tuwon dare ban iya ci ba.

Yaran yanzu idan ka ce musu akwai lambuna tsakanin Fagge da Sabon Gari sai su ɗauka ruɗewar tsufa ce. To akwai. Duk bakin rafin Jakara kore ne, fangali na bin fangali, wato 'yan ƙananan kwamin da ake tare ruwa a ciki a yi shuka, kuma ruwan a lokacin idan ka tsoma ƙafa kana ganin yatsunka. Ba wannan baƙin abin mai wari da ke tafe da leda da mushen kaji ba. Da asuba abin da ke tashinmu a Fagge kiran salla ne, muna isa lambu kuma sai ƙararrawar coci ta Sabon Gari ta amsa, can daga tasha jirgi ya yi kukansa mai tsawo, kwaɗi su yi tsit na ɗan lokaci sannan su ci gaba. A kan duk wannan akwai kukan jigo, wato doguwar sandar nan mai guga da ake ɗebo ruwan rafi da ita. Wanda bai taɓa jin jigo ashirin suna ƙiiii-ƙaƙaƙ a jere ba, kowane da muryarsa, ban san yadda zan bayyana masa ba. Ina rufe ido na san na wane ne ke aiki, na kuma san wane ne ya makara. Yau je ka wurin ka tsaya. Shaguna ne bene a kan bene, janareto na gurnani, masu adaidaita sahu na zagin juna, ba ka jin ko tarin kanka. Na taɓa tsayawa ina neman inda lambunmu yake, wani yaro mai sayar da cajar waya ya ce in matsa ina tare masa kasuwa.

Aikin ba wasa ba ne, kada wani ya ce na manta. Ni ne babba a gidanmu, ni ke jan jigo tun kafin gemu ya fito mini har tafin hannuna ya zama kamar ƙirgi. In an gama ban-ruwa a yi cirar ciyawa, a kori awaki, a sauke mangalar taki daga jakai, don sharar gari da ta kasuwa muke saye mu tara ta ruɓe. Da hantsi matan Sabon Gari su sauko da daro da zannuwa a ɗaure, Yarbawa da Inyamurai, suna ciniki da Hausarsu mai daɗi, suna latsa tumatir ɗaya-ɗaya har ranka ya ɓaci. Inna ta aiko da ɗumame a kwano, mu ci a gindin mangwaro, a yanka ɗanyen tumatir a kai a barbaɗa ƙuli. Ɗanɗanon wannan tumatir ban ƙara samunsa ba. Na yanzu ƙato ne, ja wur, ka yanka ka tarar da ruwa zalla, kuma mafi yawan matan ma na leda suke tsiyayawa a miya.

Mahaifina ba shi da komai. Filin lambun ma aro ne daga wani babban gida na cikin gari, kowace kaka a kai musu kwandon gaisuwa. Abu ɗaya Allah ya ba shi, shi ne renon iri. Idan ya yafa irin tumatir a makwancinsa, wato ɗan wurin da ake tsirar da iri kafin a dasa, sai ya fito kauri ɗaya, gajere, mai jijiya. Kowa a rafin nan daga wurinsa yake karɓar dashe, kuma bai taɓa karɓar kwabon kowa ba. Yakan ce, "Wanda ya sayar da dashe ya sayar da gaisuwar safiya." Haka yake faɗa da bakinsa, kuma haka ya rayu. Da wannan ne talaka irinsa ya zama idan ana rigimar ruwa shi ake kira, idan ana ɗaurin aure a gidan ɗan lambu shi ne waliyyi, idan ya shigo masallacin unguwa a matsa masa a sahun gaba. Wannan sunan shi ne dukiyarsa kaf, kuma ya san haka.

Sai wata al'ada ta tsiro a kan wannan, ban san wanda ya fara ta ba. Duk wanda ya zo karɓar dashe, bayan an cire masa da ƙasar a jikin saiwa, sai ya ƙara dumbuzar ƙasar makwancin cikin tafin hannu ya ƙulle a gefen riga. In ya je lambunsa sai ya zuba ta a bakin ruwa, daidai inda guga ke juyewa, don ruwan ya raba albarkar ga kowane fangali. Baba ba ya son abin. Yakan ce, "Ku ji tsoron Allah, toka ce da kashin akuya." Su yi dariya su ce ai shi ba zai ga albarkar hannunsa ba. Wanda ya fi kowa riƙo da wannan shi ne amininsa, maƙwabcinmu na ƙasa a rafi, wanda muke kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tare suka taso a Fagge, tare suke tafiya lambu, tare suke dawowa, goro ɗaya suke rabawa biyu. Kawu har hularsa yake cirewa ya cika da ƙasar.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi ƙarfi, rafi ya cika ya haura har makwancin Baba ya kwana biyu a cikin ruwa. Da ya janye muka gyara, muka zuba sabon taki, aka yafa iri, ya fito kamar kullum. Baba yakan riga kowa dasawa, don haka namu ya fara fure lokacin da na mutane ke kama ƙasa. Wata rana da zafin rana na ga guda a tsakiyar fangali ya sunkuya. Da yamma ya miƙe. Washegari ya sake sunkuyawa, na kusa da shi ma ya bi shi, kuma daga nan bai ƙara miƙewa ba. Babu tabo, babu ƙwaro, kore yake ya mutu. Mu mun san ciwon ɗige-ɗige, wanda ke sa baƙin tabo ƙanana a ganye da jikin 'ya'ya in an yi ruwa da iska, kuma mun san ba a shiga cikin tumatir da raɓa a jikinsa don kada a yaɗa shi. Wannan kuwa ba mu taɓa ganinsa ba. Dattawan rafi suka taru suka tsaya a kansa, suka yanke hukunci baki ɗaya cewa ƙishirwa ce. Kuma don ƙaunar da suke yi wa Baba, kowa ya ce ya bar masa lokacin ruwansa. Samari suka zo suka taya ni jan jigo, muka cika fangalan nan har suka tumbatsa, ruwan ya gangara ta lambun Kawu ya wuce ƙasa. Muna ja muna waƙa, mu a dole taimako muke yi.

Akwai malamin gona da ke zagayo mana a kan keke, mutumin ƙasar Zariya ne, Kirista, a Sabon Gari yake zaune. Dogo ne marar hayaniya, yana durƙusa wa Baba in zai gaishe shi. Da ya zo ya gani sai fuskarsa ta canza. Ya ce a dakatar da jigon tukuna. Ya tura ni wurin mai shayi na aro tambulan na gilashi, ya cika da ruwan rijiya mai haske, ya tuge guda ɗaya da ya yi yaushi, ya yanke karan a gindi. Cikin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Ya tsoma bakin yankan a ruwan ya riƙe shi cak, ya ce mu zuba ido. Jim kaɗan sai ga wani farin abu yana zarowa daga karan yana sauka a hankali kamar an ɗiga nono a ruwa. Har yau in na ga an zuba madara a shayi sai na tuna.

Ya ce, "Baba, kun ga wannan? Ƙwayoyin cuta ne, ido ba ya ganin guda, sai sun taru haka. Su suka toshe hanyar da ruwa ke bi a cikin karan. Ko rafin nan duka kuka juye masa ba zai sha ba."

Baba ya ce, "To wane magani za a fesa?"

Ya ce, "Wannan ba shi da feshi. Na ɗige-ɗige ana rage shi da feshi, wannan a ƙasa yake zaune. Ruwa na ɗaukarsa, fartanya na ɗaukarsa, wuƙa, tafin ƙafa, dashe. Ko ambaliyar nan ce ta kawo shi, ko ruɓaɓɓen dankali a cikin takin kasuwa, Allah ne ya sani. A tuge a ƙona, kada a jefa a rafi, kada a sa a taki. Wurin kuma a hutar da shi shekaru, ba tumatir, ba tattasai, ba attaruhu, ba gauta, don duk dangi ne a wurinsa. A sa masara ko dawa ko albasa." Sai ya dubi makwancin, ya ce, "Wa da wa suka ɗebi dashe a nan?"

Baba ya juya ya dubi rafin daga sama har ƙasa.

Da muka koma gida ya faɗa wa Inna komai. Inna mace ce mai kaifin hankali da kaifin baki, kuma ta fi shi sanin mutane. Ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ka rufe bakinka. Ciwo ya shigo rafi, ya kama naka, gobe ya kama nasu, kowa ya ce ƙaddara. Wa zai ce daga wurinka ya fito in ba kai ka faɗa ba?" Ya ce in an tuge nasu yanzu, aka kwashe ƙasar bakin ruwa, wataƙila wasu fangalan su tsira, kuma akwai sauran lokacin da za a sa albasa. Ta ce, "Ba za su tuge ba. Kuma ba za su yafe maka ba." Ya ce shi dai ba zai iya haɗa sahu da mutum yana sane da abin da ke cikin lambunsa ya yi shiru ba. Ni a ranar bayan Inna nake, kuma har gobe ina ganin ta fi shi gaskiya a kan mutane, ko da yake shi ya fi ta gaskiya a wurin Allah.

Washegari da hannunsa ya tuge tumatirinmu kaf, masu ciwo da masu lafiya, da furensu da komai. Muka tara a kan tudu nesa da ruwa, muka bari ya sha iska, muka lulluɓe da kara muka cinna wuta, muka tara wata wutar a kan makwancin. Sannan ya bi lambu-lambu, ina biye da shi, yana cire takalmi a bakin kowane, yana cewa, "Dashen da na ba ka akwai ciwo a ƙasarsa. Don Allah ka tuge ka ƙona, ka kwashe ƙasar da ka zuba a bakin ruwa." Su kuwa nasu a lokacin kore shar yake, yana ta tofo. Wani ya yi dariya, wani ya ce to an ji, wani ya ce malamin gona ya ruɗa tsoho da ruwa a kofi. Wani kuma, wanda Baba ya yi wa waliccin aure, bai bari mun yi nisa ba ya ce da na kusa da shi, "Nasa ya mutu, yana so namu ya raka shi." Na juya zan koma, Baba ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Kawu ma bai tuge ba. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Haba, ƙasarka ce fa. Ƙasarka ba ta cuta."

Kafin a kai ga ɗiban fari rafin ya kwanta. Ta bakin ruwa yake farawa a kowane lambu, daidai inda aka zuba ƙasar, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya yadda ruwa ke bi. Tattasai ya bi, gauta ta bi. Matan Sabon Gari suka sauko da daro suka koma da shi wayam, daga baya ma suka daina saukowa. Mutane sun yi asara ta gaske, wannan ba na musu. Akwai wanda ya fasa aurar da 'yarsa a shekarar, akwai wanda ya bar lambu ya koma dako a tasha. Amma abin da har yau yake ci mini rai, babu ko mutum ɗaya da ya ce, wayyo da mun ji maganarsa. Abin da suka riƙe shi ne ya faɗa da bakinsa cewa daga wurinsa ne. Daga nan aka ce ai ya sani tun kafin ya raba. Daga nan aka ce hannunsa ne ya juya. Mutanen da suka ƙulle ƙasar a rigunansu yana hana su, su ne suka koma suna kauce wa inuwarsa. Ba wanda ya zage shi a fuska, da ma sun yi hakan ya fi. Sai dai a yi rigimar ruwa a kira wani, a ɗaura aure mu ji a bakin yara, ya shiga masallaci sahu ya ƙi motsi. Kawu ya fara fita lambu kafin Baba ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, wai yana da sauri.

Baba bai bar rafin ba. Ya ce ƙasa ce ta yi ciwo, kuma za a yi jinyarta. Muka sa masara, muka sa albasa, muka sa latas, abin da bai kai rabin kuɗin tumatir ba, gidanmu ya koma miyar kuka ba nama. Ya yi wa lambun ƙaramar ganuwa don kada ruwan wani ya shigo ko namu ya fita. Ya ajiye tukunyar ruwan toka da sabulu a bakin shiga, kowa ya wanke ƙafa da fartanya, wuƙa kuma a kara ta a wuta. Ya daina aron kayan aiki, ya daina bayar da aro, wannan ma aka ce girman kai ne. Duk ciyawar da malamin gona ya nuna masa cewa ciwon na ɓuya a jikinta, sai ya bi ta ya tuge. Shekara na bin shekara muna haka. Abin dariya, in dariya ce, a hankali sai ga tukwane a bakin lambunan mutane, sai ga masara a inda ba a taɓa sa ta ba. Duk abin da ya yi sun kwaikwaya, daga nesa, ba tare da wani ya zo ya ce Malam yaya ake yi ba. Dashe kuma suka koma saye daga wasu ƙauyuka da kuɗinsu.

Yanzu ina ji ana cewa akwai irin da ke jure ciwon, akwai masu renon dashe a 'yan farantan roba da ƙasar da aka tsabtace, har da masu haɗa kan tumatir da gindin wani. Madalla. Na ga irin farantan ana sayarwa wajen shataletalen Bata, yaro na danna waya yana miƙa wa mai saye ko kallonsa ba ya yi. Ba wanda ya san wanda ya rena, ba wanda za a gode wa, ba kuma wanda za a tsana in ya mutu. Wataƙila hakan ya fi sauƙi. Mu a lokacinmu dashe da fuskar mutum yake zuwa.

Da shekarun hutun suka cika, malamin gona ya ce a gwada. Baba ya sa 'yan tsiraru a kusurwa ɗaya, suka yi fure, suka yi 'ya'ya, ba wanda ya sunkuya. Ranar na ga haƙoransa, abin da na daɗe ban gani ba. Da kaka ta zagayo ya ce bana zai yi reno irin na da, amma ba a rafi ba. Ya samo rabin duro, muka ɗebo jar ƙasa daga tudu inda ba a taɓa lambu ba, muka haɗa da ruɓaɓɓen taki, muka yayyafa ruwa muka ɗora a murhu muna juyawa har tururi ya ratsa ta. Inna na tsaye tana cewa ta ga ranar da ake dafa ƙasa a gidan da ba a dafa nama. Irin kuma malamin gona ne ya jiƙa shi a ruwan ɗumi da ma'auninsa na zafi, ya shanya. Muka cika kwalla da daro da duk wani tsohon kwano na gidan, muka jera a tsakar gida a Fagge, da ruwan rijiya kaɗai ake ba su. Na ce, "Baba, wannan ai ya fi ƙarfin lambunmu." Ya ce, "Na sani." Na kowa da kowa ya rena, yana lissafa su da suna yana nuna kwano.

Dashen na gab da isa cira sai aka aiko daga babban gidan nan. Sun sayar da filin, tunda dai, in ji ɗan aiken, an ga ba wani abin kirki ake nomawa a ciki ba sai masara. Da muka je da safe mun tarar an sauke bulo a kan albasarmu. Na zauna a ƙasa na yi kuka da girmana. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To. Dashen ai ba namu kaɗai ba ne. Tashi mu ɗauko."

Na ɗora babbar kwalla a ka, shi ya rungumi daro, muka ratso Fagge muka gangara rafi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Dashen nan ban taɓa ganin mai kyansa ba, gajere, mai kauri, yana ƙamshi. Muka fara daga lambunan saman rafi. Na farko ya ce ya riga ya saya. Na biyu ya ce bana ba zai sa tumatir ba, ga kwamin a gyare a bayansa. Na uku ya hango mu ya shige bayan masara, ɗansa ya ce ba ya nan. Baba na yi wa kowa bayani, an dafa ƙasar, ruwan rijiya ne, a tambayi malamin gona, kyauta ne kamar da. Su ce Allah ya saka, Allah ya sa albarka, hannuwansu a baya. Wuyana ya ƙage, rana ta take, na ce mu koma. Ya ce saura Kawunka.

Kawu na tsugune yana gyara bakin ruwa. Ya tsufa shi ma, ya rame. Da ya ɗago ya gan mu sai ya miƙe da sauri ya taho, har na ji sanyi a raina, na ce yau dai an gama. Baba ya sunkuya zai cire takalmi ya tsoma ƙafa a tukunyar bakin shiga. Sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Malam, tsaya daga nan."

Baba ya tsaya, takalmi ɗaya a hannu.

Kawu bai dube shi ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Ba don komai ba. Da ƙyar wurin nan ya dawo. Ina da iyali. Kada ka shigo, kuma kada a sauke kayan nan a nan."

Na buɗe baki, abin da zan faɗa a ranar da ya fito da har yau ana ba da labarinsa a Fagge. Baba ya riga ni. Ya mayar da takalminsa a hankali, ya gyara riƙon daron, ya dubi tukunyar, ya dubi ganuwar da Kawu ya yi wa lambunsa, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ka yi daidai. Haka ake yi. Dashen da ba ka yarda da shi ba, ko na wane ne, kada ka bari ya shigo."

Muka juya. Har gida ina tafe hawaye na gangaro mini ba hannun sharewa. Baba ya ajiye daron a tsakar gida kusa da sauran, ya ɗebo ruwa ya ba su, kamar akwai inda za su. Haka ya yi ta ba su ruwa safe da yamma, suka yi tsayi, suka cushe, suka yi fure a cikin kwanonin, ba ɗaya da ya yi yaushi. Bai ƙara taka rafin nan ba har Allah ya karɓi ransa.